Amsoshin Tambayoyinku: Makonnin Farko Na Shan Maganin Damuwa Da Na Barci

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun da muka ware yau duk bakinsu ɗaya: abin da jiki ke ji idan aka fara shan maganin ciwon damuwa ko na barci, da kuma inda kofi da shayi suka shigo cikin maganar.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce da ta nemi a sakaya sunanta. Ta ce: "Likita ya ce ciwon damuwa ke damuna, ya ɗora ni a kan sertraline. Yau kwana shida, ban ga komai ba sai tashin zuciya da ciwon kai, fargabar ma ta fi ta da. Anya maganin nan ya karɓe ni kuwa? Ina so in ajiye shi."

Malama, Allah ya ba ki lafiya, kuma sannu da ƙoƙari, domin zuwa wurin likita da irin wannan ciwo ba ƙaramin abu ba ne. Amma kada ki ajiye shi tukuna. Wannan rukunin magani, wato su sertraline da fluoxetine da escitalopram, haka halinsa yake: wahalarsa ke riga amfaninsa zuwa. Aikinsa shi ne ƙara ƙarfin wani sinadari mai suna serotonin, wanda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. To, kusan kashi 90 cikin 100 na serotonin ɗin da ke jikin mutum a hanji yake. Shi ya sa ciki ke fara amsawa tun a kwanakin farko, da tashin zuciya ko gudawa, alhali ƙwaƙwalwa sai ta ɗauki makonni kafin ta daidaita. Yawanci tashin zuciyar da ciwon kan da ƙarin fargabar kan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Sauƙin ciwon kuwa sai mako biyu zuwa huɗu ake fara jin sa, wani ma sai ya kai shida. Kwana shida ya yi kaɗan a yanke wa magani hukunci.

Kafin nan, ki riƙa shan sa bayan kin ci abinci, a lokaci ɗaya kullum. In yana hana ki barci, ki tambayi likita ko za a mayar da shi safiya. In abin ya yi miki yawa, ki koma ki faɗa masa, don yana iya rage yawan da kike sha na 'yan kwanaki sannan a hau a hankali. Akwai kuma abin da mutane ke jin nauyin faɗa, raguwar sha'awa tsakanin ma'aurata. Wannan sananniyar illa ce ta magungunan nan, kuma ita ba lallai ta tafi da kanta ba. A faɗa wa likita, akwai magungunan da ba su cika kawo ta ba.

Sai dai, Malama, da duk wanda ke saurare, akwai alamomin da ba a yi musu haƙuri. Idan tunanin kashe kai ya zo miki, ko da ma yana nan ya ƙara ƙarfi, ko kika ji ba kya iya zama wuri ɗaya, ki tashi ki zauna, ki yi ta kai-komo a ɗaki kamar ana korar ki, to a ranar za ki nemi likita, ki kuma gaya wa wani na kusa da ke. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sa an buga gargaɗi mai ƙarfi kan wannan a takardar magungunan damuwa a 2004 saboda yara da matasa, a 2007 kuma ta faɗaɗa shi zuwa 'yan shekara 24. Ina roƙon iyaye da mazaje da mata su sa ido sosai a makonnin farko. Haka nan wanda ya daina barci kwata-kwata amma bai gajiya, ga surutu ga kashe kuɗi ba lissafi, shi ma a hanzarta kai shi. Kuma kada a haɗa waɗannan magunguna da tramadol ba da sanin likita ba. Haɗin na iya sa serotonin ya yi yawa, sai zazzaɓi da gumi da karkarwa da ruɗewa, wanda asibiti ne kawai maganinsa.

Wasiƙa ta biyu daga wani magidanci ce. Ya ce: "Shekara da shekaru ina shan kofi sau uku a rana lafiya lau. Tun da na fara maganin damuwa, ko sau ɗaya na sha sai zuciyata ta riƙa dukan uku-uku, hannuna na rawa har cokali na ƙara a jikin kofin. Mene ne haɗinsu?"

Malam, ba ka faɗi sunan maganin ba, kuma sunan ne mabuɗin amsar. Ka duba kwalin. Abin da ke wartsakar da mutum a kofi da shayi da lemon ƙara kuzari shi ne kafeyin, kuma hanta ce ke narkar da shi. A jikin babba mai lafiya, bayan kamar awa biyar rabinsa ya fita. Amma akwai maganin damuwa guda, fluvoxamine, da ke danne sinadarin hantar da ke wannan aiki. Ga mai shan sa, awa biyar ɗin nan na iya komawa wajen awa 30. Ka ga kenan kofin jiya bai fita ba ka ɗora na yau, na shekaranjiya ma da saura. Idan fluvoxamine kake sha, ka rage kafeyin sosai, ka kuma sanar da likitanka abin da ke faruwa.

Idan kuma wani ne daban, kamar sertraline, ba ya riƙe kafeyin a jiki haka. Abin da ke faruwa shi ne, maganin a farkonsa na sa jiki rawa da faɗuwar gaba, kafeyin ma aikinsa kenan, sai su taru su yi maka yawa. Hukumar FDA ta ce miligiram 400 a rana ba ya cika cutar da babba mai lafiya, kofi ɗaya kuma na ɗauke da kamar 80 zuwa 100, baƙin shayi wajen rabin haka. Amma wannan ma'auni na mai lafiya ne, kai da ke sabon shan magani ƙasa da haka ya kamace ka. Shawarata ka koma ɗaya da safe, bayan tsakar rana kuma ka haƙura. Kada dai ka yanke shi rana ɗaya, domin wanda jikinsa ya saba yakan samu ciwon kai da kasala bayan awa 12 zuwa 24, ya yi kwanaki yana fama, sai ya ɗora wa maganin laifi. Ka duba magungunan ciwon kai ma, wasunsu da kafeyin a ciki, irin su Panadol Extra.

Ta uku daga wani ma'aikaci da ke tuƙa kansa zuwa aiki kullum. Ya ce an ba shi maganin barci mai suna zopiclone, yana tashi da ɗaci a baki da nauyin kai, sai ya yi ta shan kofi har yamma don ya wartsake, da dare kuma ƙwaya ɗaya ba ta sa shi barci, har ya fara tunanin shan biyu.

Ɗan'uwa, don Allah kada ka ƙara. Ɗacin bakin nan, mai kama da ɗanɗanon ƙarfe, sanannen halin zopiclone ne, ba shi da haɗari. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zagayen da ka shiga: ƙwaya ta bar maka magagi, ka kore shi da kofi, kofin ya hana ƙwayar aiki. An gudu ba a tsira ba. Akwai wani sinadari, adenosine, da ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga safe, shi ne ke sa ido ya yi nauyi da dare, kafeyin kuma toshe masa hanya yake yi. Wani bincike da aka wallafa a 2013 ya gano cewa miligiram 400 na kafeyin, ko da awa shida kafin kwanciya aka sha, yana rage barci da fiye da awa ɗaya. Saboda haka daga kofin yamma za ka fara gyara. Ƙwayar kuma ka sha ta daf da kwanciya, a daren da kake da awa bakwai zuwa takwas na barci a gabanka. Ranar da ka tashi da nauyin kai kada ka taɓa sitiyari. Kofi na buɗe ido, amma ba ya fitar da maganin daga jini.

Irin wannan magagi ne ya sa a 2013 FDA ta rage zolpidem, ɗan'uwan naka maganin, daga miligiram 10 zuwa 5 ga mata. A 2019 kuma ta yi gargaɗi kan masu tashi cikin barci su yi tafiya, ko girki, ko tuƙi, da safe ba su tuna komai. Wanda hakan ta same shi ko sau ɗaya, ya tsayar da maganin ya ga likita. Waɗannan ƙwayoyi na ɗan lokaci ne, mako biyu zuwa huɗu, don jiki na saurin sabawa da su. Haɗa su da barasa ko kodin ko diazepam na iya danne numfashi.

Ta ƙarshe daga wata ce da ke jinyar mahaifiyarta mai shekara 70, an ba ta amitriptyline da dare, wani maganin damuwa da akan bayar don wasu cututtukan ma, tana kukan bushewar baki da jiri. 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri. Duka biyun halin maganin ne, haka ma taurin bayan gida. Jirin ne abin lura, saboda faɗuwa ga tsoho ba wasa ba ce. Idan Mama za ta tashi, ta fara zama a bakin gado minti ɗaya ko biyu kafin ta miƙe, a bar mata fitila a hanyar banɗaki. In kika ga tana ruɗewa ko fitsari na yi mata wuya, ki mayar da ita asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba. Kin kuma tambaya ko za ta iya dainawa in ta ji sauƙi. Wannan sai da likita, kuma a hankali ake saukowa, domin yankewa farat ɗaya na kawo jiri da tashin zuciya da munanan mafarkai. In don ciwon damuwa aka ba ta, akan ci gaba aƙalla wata shida bayan samun sauƙi.

Lokaci ya cim mana, sauran wasiƙun sai a shiri na gaba. Mai aiko da tambaya kan magani ya rubuto sunansa kamar yadda yake a kwali, da yawan da yake sha. A kasance lafiya.