Wa ke biyan harajin tallan Facebook? Don tunawa da Malam

Assalamu alaikum, jama'a. Akwai wani sautin murya da ke ta yawo a WhatsApp, ana murna wai gwamnati ta danne Facebook, yanzu kashi 7.5 cikin ɗari take karɓa a hannunsa. Harajin dai gaskiya ne, kuma ba sabo ba ne. Amma wanda ake cewa yana biya, ba shi ke biya ba.

Wannan bayani a wurin wani abokin aikinmu na koye shi, wanda muke kira Malam. Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa da rahama. Harajin kasuwancin intanet shi ne fannin bincikensa, tun lokacin da in ka ambaci maganar sai a ɗauka ta mutanen Legas ce. Shi kuwa cikin kara yake shiga da littafinsa, yana tambayar samari nawa suka kashe wajen tallata dabbobinsu a waya.

[Hoto: kasuwar dabbobi ta Maigatari, ranar Alhamis]

Ga ragunan nan, sallah ta gabato. Wannan matashin ya ɗauki hotonsu, ya ɗora, yana so mutanen Kano da Abuja su gani. Sai ya sayi talla na naira 10,000.

Tsaya a nan. A matso da rasit ɗin sosai.

Layi na farko, kuɗin talla, 10,000. Layi na biyu, harajin VAT, 750. Jimla 10,750. To daga asusun wa aka cire 750 ɗin nan? Daga na mai raguna. Kamfanin ya karɓi dubu gomansa cif, ko kwabo bai ragu ba. Aikinsa kawai ya tara na saman ya miƙa wa hukumar haraji, kamar yaron da ke yankar tikiti a bakin kasuwa, kuɗi na ratsa hannunsa amma ba daga aljihunsa suka fito ba.

Sake duba layin. VAT haraji ne a kan mai saye. Tun Fabrairun 2020 aka ɗaga shi daga kashi 5 zuwa 7.5. Abin da ya sauya a Janairun 2022 shi ne an ɗora wa kamfanonin waje nauyin karɓo shi, shi ya sa ya fara fitowa a rasit ɗin talla. Saboda haka in ka ji an ce an samu biliyoyi daga kamfanonin intanet, fara tambaya: wane harajin? In VAT ne, kuɗin mai raguna ne, da mai turaren wuta a Ringim, da telan da ke ɗora ɗinkinsa daga Gumel. Malam kan tsaya a wannan gaɓar har shayinsa ya huce, ba ya wucewa sai ya tabbatar kowa ya gane.

Harajin da ke taɓa kamfanin kansa daban ne, wato harajin riba. A nan wuyar take. Duba ƙasan rasit ɗin, adireshin Dablin ne, a ƙasar Ailan, wadda kafin 2024 ta daɗe tana karɓar kashi 12.5 kacal a kan ribar manyan kamfanoni. Tsohuwar ƙa'ida ta ce sai kamfani yana da ofis ko mazauni a ƙasarka za ka taɓa ribarsa. Wanda ke sayar maka da talla ta iska kuma, ina ofis? Dokar Kuɗi ta 2019 ce ta buɗe ƙofar, sai umarnin ministar kuɗi Zainab Shamsuna Ahmed a 2020 ya fayyace: kamfanin waje da cinikinsa na intanet a Najeriya ya haura naira miliyan 25 a shekara, ana lissafa shi a matsayin mai zama a nan.

A Oktoban 2021 ƙasashe 136 suka amince da wata yarjejeniyar haraji ta duniya kan yadda za a raba harajin ribar manyan kamfanoni tsakanin ƙasashe. Najeriya ta ƙi sa hannu, ita da Kenya da Pakistan da Sirilanka, domin rabon ribar ya shafi kamfanonin da cinikinsu ya wuce Yuro biliyan 20 ne kawai, sauran duk sun kuɓuce. Malam ya goyi bayan wannan ƙin, ni ma a kan ra'ayinsa nake.

[Hoto: hanyar ƙauye, rijiyar burtsatse, ajin firamare]

Kada a fahimce ni a karkace, ban ce 750 ɗin ta ɓata ba. Ana raba VAT tsakanin gwamnatoci uku, kuma kashi 35 na ƙananan hukumomi ne. Jigawa na da ƙananan hukumomi 27, Kano na da 44. A sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, kason jihohi ya ƙaru zuwa 55, na tarayya ya sauko 10. Mai raguna yana da haƙƙin tambayar shugaban ƙaramar hukumarsa ina aka kwana, domin da kuɗinsa a ciki.

Akwai tambayar da Malam ke kan bi lokacin da ciwo ya kwantar da shi. Wani ɓangare na kason jihohi ana raba shi ne bisa inda aka yi amfani da kayan. To tallan da aka biya daga Maigatari, kamfanin na Dablin, masu kallo na Abuja, da sunan wace jiha za a rubuta shi? Ga ɗaliban harkar kuɗi a Dutse da Kano, wannan aiki ne da ke jiran mai ɗauka. A bidiyo na gaba za mu zo kan naira 50 da ake cirewa in an tura 10,000 ko fiye.