Amsoshin Tambayoyinku: Me ya haɗa odita da inda kamfani ke zuba kuɗinsa?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙarmu ta farko daga wani ɗalibi ce mai karatun aikin akanta. Ga abin da yake cewa: "Malaminmu ya ce ingancin rahoton kuɗi da ƙwarewar odita suna shafar yadda kamfani ke zuba jari. Ni a sanina odita sai an gama kashe kuɗi yake zuwa. To yaya wanda ya zo daga baya zai gyara abin da ya riga ya wuce?"

To malam, gaskiyarka, sai shekara ta ƙare odita, wato mai binciken lissafin kamfani daga waje, ke zama kan littattafai. Amma alƙaluman da ya sa wa hannu bana, a kansu ake yanke shawarar baɗi. Banki su zai duba kafin ya ba da rance, masu hannun jari su za su duba kafin su ƙara kuɗi, daraktoci ma da su za su auna ko a buɗe sabuwar masana'anta ko a dakata.

Kamfani kan yi kuskuren jari ta fuska biyu. Wani yana da aikin da zai kawo riba amma ya rasa mai ba shi kuɗi, saboda na waje ba su yarda da lissafinsa ba, ko su ba shi da kuɗin ruwa mai tsada har aikin ya daina biya. Wani kuma kuɗin ne jibge a hannunsa, sai shugabanni su yi ta faɗaɗa harka don sunansu ya ɗaukaka, ko da abin ba ya dawo da uwar kuɗi. A shekarar 2009, masana uku, Biddle da Hilary da Verdi, sun bi bayanan kamfanonin Amurka, suka gano cewa inda rahoton kuɗi ke da inganci, kurakuran nan duka biyu suna raguwa.

Abin da ya fi damuna a lamarin, shugabannin da suka kumbura riba su ma suna faɗawa tarkon alƙalumansu. Wasu masana biyu, McNichols da Stubben, sun nuna a 2008 cewa kamfanonin da aka samu da murɗa lissafi sukan zuba jari fiye da kima a daidai shekarun da suke murɗiyar, da zarar an daina kuma sai ɓarnar ta lafa. Wanda ya shaida wa duniya cewa kasuwa na ci, dole ya yi ta gini da ɗaukar ma'aikata kamar mai ciniki na gaske.

Ku dubi WorldCom, katafaren kamfanin sadarwa na Amurka. Kuɗin da yake biyan wasu kamfanoni don hayar layukansu, kuɗin gudanar da aiki ne na yau da kullum, wanda ya kamata a cire daga ribar shekarar. Sai aka riƙa rubuta shi a matsayin kadara, ana rarraba shi kan shekaru masu zuwa, asara ta koma riba a takarda. Masu binciken cikin gida ƙarƙashin Cynthia Cooper ne suka tono abin, wani lokaci cikin dare suke aikin don kada a farga. A watan Yunin 2002 kamfanin ya amsa cewa dala biliyan 3.8 aka karkatar ta haka, wata guda bayan nan ya durƙushe. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa, abokan gogayyarsa sun sha wahalar bin wata riba da babu ita, ma'aikata da yawa suka rasa abin yi.

Wata 'yar'uwa kuma ta rubuto tana tambaya: "Ina da 'yan hannayen jari. Idan na ga ɗaya daga manyan kamfanonin bincike huɗu ne ya duba lissafin, shin in kwantar da hankalina?"

Malama, manyan huɗun da kike nufi su ne Deloitte da PwC da EY da KPMG. A da biyar ne, na biyar ɗin Arthur Andersen, wanda ya ruguje a 2002 bayan badaƙalar Enron, kamfanin makamashi na Amurka, kuma shi ne ya duba littattafan WorldCom ɗin nan. A ƙasar Jamus, EY ya shafe shekaru yana sa hannu kan lissafin Wirecard, wani kamfanin hada-hadar biyan kuɗi ta intanet, sai a watan Yunin 2020 aka wayi gari yuro biliyan 1.9 da aka ce suna ajiye a bankunan Filifin babu su babu dalilinsu. Don haka suna kaɗai bai isa ba.

Abin da ke aiki shi ne sanin sana'ar da ake bincika. Mafi yawan alƙaluma masu nauyi a rahoton kuɗi ƙiyasi ne. A ce kamfanin gine-gine ya rubuta cewa gadar da yake yi ta kai kashi saba'in cikin ɗari, ya ɗauki ribar daidai haka. Oditan da bai san harkar ba zai tara rasiɗai, ya ga lissafi ya yi daidai, ya wuce. Wanda ya goge da 'yan kwangila zai tambayi nawa ya rage a kashe, ya nemi ganin injiniya, ya ce wannan ƙarin kuɗin da kuka rubuta za a biya ku, mai aikin ya amince ko har yanzu ana jayayya? A banki kuwa tambayar ita ce bashi nawa ne ba zai dawo ba, kuma nawa aka ware dominsa. Wani nazari da Bae da abokan aikinsa suka wallafa a 2017 ya gano cewa kamfanonin da oditocinsu suka fi ilimin fannin da wadatar kayan aiki sun fi iya zuba jari inda ya dace.

Saboda haka ki riƙa karanta rahoton odita da kanki, ba shi da tsawo. Akwai sashen da yake bayyana batutuwan da suka fi ɗaukar hankalinsa a binciken, nan ne kan nuna inda ƙiyasi ya yi yawa. Ki duba shekara nawa ya yi yana wa kamfanin aiki, da ko kuɗin da yake karɓa na ba da shawara ya rinjayi na binciken. Sannan ki duba kwamitin bincike na daraktoci. A Amurka, dokar Sarbanes-Oxley ta 2002 ta wajabta wa kamfani ya bayyana ko akwai masanin kuɗi a wannan kwamiti, idan babu ya faɗi dalili. Ni a ganina wannan tambaya ce da ta dace kowane mai hannun jari ya miƙe ya yi a babban taron shekara, ko doka ta tilasta ko ba ta tilasta ba.

Lokaci ya cim mana, sauran wasiƙun sai a shiri na gaba idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.