Me ya kai jaruman Hollywood yajin aiki, ba masu kuɗi ba ne?

A 2023 ne aka ga masu yajin aiki ɗauke da kwalaye a ƙofar Netflix da Disney. Marubuta suka ajiye alƙalami ran 2 ga Mayu, 'yan wasa suka bi sahunsu ran 14 ga Yuli. Tambayar da kuka yi ta turo mana ita ce: mutanen da dala ta zauna musu, me kuma suke nema?

Ku bar kallon manyan fuskoki tukuna. Ƙungiyar 'yan wasa ta SAG-AFTRA tana da mambobi kusan 160,000, kuma a 2023 akasarinsu ba sa samun dala 26,470 a shekara, wato abin da a lokacin sai ka kai shi kake samun inshorar lafiya.

To ga inda ake ruɗewa, a saurara da kyau. Ɗan wasa a Amurka ba sau ɗaya ake biyansa ba. Akwai kuɗin ranar aiki, akwai kuɗin maimaici. Duk sanda talabijin ta sake haska shirin, ko aka sayar wa wata tasha, ko aka buga shi a faifai, sai cek ya iso gidanka. Tun yajin aikin 1960 aka ƙwato wannan haƙƙi na finafinan da ake haskawa a talabijin, lokacin Ronald Reagan ne shugaban ƙungiyar 'yan wasan fim ta SAG, wadda daga baya ta haɗe da AFTRA. Eh, shi dai wanda ya zama shugaban ƙasa. Da wannan cek ɗin ƙaramin ɗan wasa ke biyan haya a watannin da babu aiki.

Da kallo ya koma intanet, maimaicin ya ɓace, don shirin yana nan kullum. Sai aka yanka kuɗi tsayayye: ko mutum dubu suka kalla ko miliyan hamsin, naka bai ƙaru ba, kuma kamfani ya ɓoye alƙaluman. Ga shi zangon shiri da a da yake da fitowa 22 ya dawo 8 ko 10. Ni dai a ganina, ɓoye alƙaluman nan ya fi komai ciwo. Ta yaya za ka yi ciniki ba ka san abin da hajarka ta kawo ba?

Kwana 148 marubuta suka yi suna yajin aiki, 'yan wasa 118. Aka amince da ƙarin kuɗi idan kashi 20 cikin 100 na masu rajista a Amurka suka kalli shiri cikin kwana 90 na farko, kuma sai da izininka da biyanka za a ƙera kamanninka da kwamfuta. A Disamban 2023, Netflix ta fara fitar da alƙaluman kallo a fili.