Ruwa Ya Gangaro, Wuta Ta Haura

Ku dubi kogin Neja, wato Kwara, da kyau. Daga tsaunukan Gini ya taso, ya ratsa Mali, ya bi ta tsakiyar Yamai, sannan ya faɗo Najeriya ta jihar Kebbi. A 1968 aka tare shi a Kainji, madatsar da ƙarfinta ya kai megawat 760. Daga baya aka ƙara ta Jebba a ƙasanta.

Ma'aikatan Kainji sun san ambaliya iri biyu. Akwai fara, ruwan damina mai laka da ke zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙa, ruwan da ya sauka tun a Gini, ya yi watanni yana yawo cikin fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, sai ya iso garau cikin hunturu. Wannan na biyun shi ke taimaka wa injuna su kai rani. Kuma ta ƙasar Nijar yake biyowa.

To, a nan zancen yake. Tun shekarun 1970 wayar lantarki ta tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, wata kuma daga baya ta bi ta Katsina ta kai Maraɗi da Damagaram. Har aka kai kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke amfani da ita daga Najeriya take zuwa. Jami'an Najeriya sun sha bayyana dalili: a ba maƙwabci wuta, shi kuma ya bar ruwa ya wuce. Ba kyauta ba ce fa, kamfanin lantarkin Nijar, NIGELEC, saye yake yi.

Sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar. Cikin 'yan kwanaki Najeriya ta katse layin bisa takunkumin ECOWAS. Tela ya koma taka keke da ƙafa, mai ƙanƙara ya zuba ido kayansa na narkewa, mai walda ya zauna jiran wuta. Wallahi talaka ne ya ji jiki, shi da ba a yi shawara da shi ba. Sai a Maris 2024 aka maido da ita.

Nijar ba ta manta ba. Ta jingina da tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30, hankalinta kuma ya ƙara komawa kan Kandaji, madatsar da aka aza harsashinta a 2008 a yankin Tilaberi, wadda aka tsara za ta ba da megawat 130. Har yau ba a gama ta ba. Amma ranar da aka rufe ƙofofinta, baƙar ambaliyar nan sai ta fara tsayawa a Kandaji kafin ta ga Kainji.