Kwas ɗin da ka karanta da aikin da ke garinku: bari mu ƙirga ƙofofin Azare

Assalamu alaikum masu kallo. A Kano ko Abuja, kusan kowane fanni mutum ya karanta akwai ofishin da ke buƙatarsa, ko da zai sha yawo kafin ya dace. A ƙaramin birni lissafin daban ne. Masu ɗaukar aiki 'yan ƙalilan ne, da ƙafa za ka zagaye su a yini ɗaya, kuma kowannensu akwai takardar da yake tambaya tun daga bakin ƙofa. Za mu ɗauki Azare ta jihar Bauchi a matsayin misali, amma ɗan Funtuwa, Haɗeja, Potiskum ko Malumfashi zai ga garinsu a ciki.

Wa ke biyan albashi a Azare? Akwai babban asibitin gwamnatin tarayya, da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021. Akwai Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga jami'ar jiha a Gaɗau nan kusa. Akwai sakatariyar ƙaramar hukumar Katagum, makarantun firamare da sakandare, asibitocin sha ka tafi na mazaɓu, kotuna, da rassan bankuna. Daga nan sai kasuwa: 'yan hatsi, gidajen mai, masu kemis, makarantun kuɗi, masu injin casar shinkafa, da duk harkar da titin Kano zuwa Maiduguri ke jawowa. Idan ka lura, asibiti da aji su suka cinye yawancin guraben.

Mu fara da sakatariya, domin nan idon iyaye ya fi karkata. Ma'aikacin gwamnati yana yin shekara 35 a bakin aiki, ko ya cika shekara 60 da haihuwa, kafin ya yi ritaya. A ce wani sashe yana da kujeru bakwai. Raba 35 gida bakwai: kujera ɗaya ce ke faɗowa duk bayan shekara biyar, in ma an maye gurbin ke nan. Yanzu ka tuna yawan waɗanda suke gama karatun mulki, siyasa da zamantakewa daga wannan gari a kowace shekara. Ba laifin kwas ɗin ba ne. Kujerun ne ba sa haihuwa. Kuma ɗaukar manyan ma'aikatan ƙananan hukumomi ba a sakatariya ake yanke shi ba, hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ce ke yi daga babban birnin jiha. Idan gurbi ɗaya ne masu nema ɗari, ai ka san mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya.

To ina ne takarda take yin magana da kanta? Inda doka ta ce sai mai lasisi. Wannan shi ne babban bambancin da ɗalibai da yawa ba sa ganewa sai sun gama: akwai kwas mai ba da shaidar ilimi kawai, akwai mai kai ka ga lasisin aiki.

A fannin lafiya kowace kujera da hukumar da ke tsaronta. Nas da ungozoma sai sun ci jarrabawar hukumar NMCN. Ma'aikacin lafiya na al'umma, wato CHEW, karatunsa shekara uku ne, ƙaramin matakin JCHEW shekara biyu, kuma hukumar CHPRBN ce ke ba su lasisi. Ɗakin gwajin jini da fitsari na hukumar MLSCN ne: digirin fannin shekara biyar, matakin teknishan mai taimaka wa mai gwaji shekara uku. Harkar magani kuwa, har da izinin buɗe kemis, tana hannun hukumar PCN.

Ga inda ake faɗawa rami. Yaro ya nemi likitanci bai samu ba, sai a ba shi nazarin ƙananan halittu ko sinadaran jiki, a ce masa ai duk lafiya ce. Ya yi shekara huɗu, ya yi bautar ƙasa, ya kai takarda asibiti, a ce masa ba shi da hurumin sa hannu a sakamakon gwajin majiyyaci. Gaskiya suka faɗa masa. Waɗannan fannoni kasuwarsu tana kamfanonin abinci, na magunguna da cibiyoyin bincike, kuma irin waɗannan a manyan birane suke. Haka difloma ta SLT, wato fasahar ɗakin gwajin kimiyya: ɗakin gwaji na makaranta da masana'antu take nufi, ba na asibiti ba, duk da kamannin sunan. Haka digirin kiwon lafiyar jama'a zalla: yana da amfani wajen ƙungiyoyi da shirye-shiryen rigakafi, amma ba ya ba ka ikon duba mara lafiya. A gari irin Azare, mai CHEW da lasisinsa a hannu yakan riga mai irin wannan digiri samun wurin tsayawa.

Rami na biyu ya fi wannan zurfi. Kowace makarantar koyon aikin lafiya akwai adadin ɗaliban da hukuma ta yarje mata ta ɗauka, kuma tun a farkon karatu ake shigar da sunayensu cikin kundin hukumar, a ba kowa lamba. Wasu makarantu, musamman na kuɗi, sai su ɗebi ninki biyu ko uku na abin da aka ba su. Wanda sunansa bai shiga kundi ba zai zauna aji, ya biya kuɗi, ya je asibiti koyon aiki, amma ranar jarrabawar hukuma babu lambarsa. Saboda haka kafin a biya ko sisi, a tambayi abu uku: shin hukumar ta amince da wannan kwas ɗin a wannan makaranta, mutum nawa aka ba su, kuma mutum nawa ne a ajin bara. Kada a tambayi mai sayar da fom. A tambayi ɗaliban ajin ƙarshe, su ba su da abin ɓoyewa.

Ga 'yan mata kuwa, a nan ƙofa ta fi faɗi. Manufar gwamnati ita ce kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai aiki sosai, kuma babu ƙaramar hukumar da mazaɓunta suka gaza goma. Awon ciki da karɓar haihuwa mata ake so su yi, mata da yawa ba sa sakin jiki da ma'aikaci namiji, wasu mazan ma ba sa barin iyalinsu su je. Ma'aikaciyar da aka turo daga nesa ba ta cika daɗewa a ƙauye ba. 'Yar gari, mai jin yaren mutane, wadda gidansu ke kusa, ita ake nema. Sai dai a yi maganar aure da wurin aiki tun da wuri, domin aikin yana da kwanan dare kuma ana iya tura mutum Madara ko Cinade, ba lallai cikin gari ba.

Sai koyarwa. Mafi ƙarancin takardar malanta a Najeriya ita ce NCE, karatun shekara uku, sannan rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN bayan cin jarrabawarta. Firamare da ƙaramar sakandare hukumar SUBEB ce ke ɗauka. A tsarin albashi, mai ƙaramar difloma ta ND yana farawa a mataki na 6, mai NCE a mataki na 7, mai digiri ko babbar difloma ta HND a mataki na 8. Amma garin da ke da kwalejin ilimi a cikinsa, masu NCE sun fi a ƙirga, don haka abin da ke raba gardama shi ne haɗin darussan da ka ɗauka. Lissafi, Fizis, Kemistiri da Turanci kullum ana cigiyar malamansu. Wasu haɗe-haɗen kuma layi ne har bakin titi. Ɗalibai sukan gudu daga lissafi don neman sauƙin shekara uku, su sayi wahalar shekara goma. Kuma a sani, dokar 2022 ta ɗaga ritayar malamai zuwa shekara 65 ko shekara 40 a bakin aiki. Alheri ne ga na ciki, amma inda aka aiwatar da ita, na waje jiransa ya ƙaru.

Makarantun kuɗi suna ɗauka da sauri, kawai a shiga da ido buɗe. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan makarantu da yawa a nan suke fakewa. Malamin lissafi da kimiyya yakan cike giɓin da darasin yamma na masu shirin WAEC, NECO da JAMB.

Banki fa? Reshe ba ya ɗaukar ma'aikaci, hedikwata ce ke ɗauka ta intanet, da jarrabawa, sau da yawa da iyakar shekaru. Da yawa daga masu zama a kanta ma'aikatan kwantiragi ne ta hannun wani kamfani. Kai takarda wurin manajan reshe ɓata tafin takalmi ne. Lauya da ɗan jarida su ma gurabensu a ƙaramin gari ba su da yawa, yawanci sai an fara gogewa a Bauchi ko Kano.

Yanzu mu shiga kasuwa, inda ba a tambayar ajin digiri. Alhajin da ke da gidan mai biyu da sito uku na hatsi yana buƙatar akanta, ko da bai kira shi da wannan suna ba. Abin da yake so shi ne wanda zai auna man da ke tanki da safe da dare, ya gwada da abin da famfo ya nuna, ya gwada da kuɗin hannu da na POS, ya gaya masa inda lita ta ɓace. Wanda ya karanta akanta ya iya wannan a Excel, ya iya rubuta littafin bashi da na kaya, aiki na jiransa. Amma ba a tallar irin wannan aiki. Amana ake bi, sai wani babba ya tsaya maka. Shi ya sa inda ka yi koyon aiki na SIWES, ko shekara ɗayar da ke tsakanin ND da HND, yake da muhimmanci. Wanda ya je ya sayo sa hannu a littafinsa ba tare da ya taka wurin ba, ya yar da damar da mutanen gari za su san hannunsa.

Injiniyanci ma haka. Injiniyan man fetur ko na jiragen ruwa ba shi da abin yi a Katagum, wannan tun ranar cike JAMB ya yanke wa kansa tikitin barin gida. Na lantarki kuwa, sola ta buɗe masa kasuwa: asibitoci, masallatai, shaguna, rijiyoyin burtsatse, da masu noman rani a fadamar kogin Jama'are da tsadar fetur ta kora daga injin ban ruwa. Bambancinsa da mai koyo a bakin titi shi ne lissafi. Famfo mai ƙarfin doki ɗaya yana cin wajen wat 750, kuma faifan solar da za su ja shi dole ƙarfinsu ya haura haka da tazara, saboda ƙura da zafin rana suna rage abin da faifai ke bayarwa. Siririyar waya a doguwar tafiya tana zafi tana cinye wuta. Haɗa tsohon batir da sabo yana kashe sabon. Wanda ya san dalilin waɗannan, ya kuma iya hawa rufi ya ɗaura da hannunsa, shi ake kira. Wanda ya san dalili kawai, ko sukurdireba bai iya riƙewa ba, yaron shago zai ƙwace masa aiki.

Noma da kiwo sun fi kowane fanni dacewa da irin wannan gari, amma ba ta hanyar jiran a ɗauke ka malamin gona ba. Kuɗin yana shagon iri, taki da maganin feshi, inda manomi ke komawa wurin wanda ya gaya masa daidai murfi nawa zai zuba a tankin goyo mai lita 16, da kuma wane magani ne na ciyawa kafin tsiro, wane ne na bayan tsiro. Mai diflomar lafiyar dabbobi yana da masu kaji da masu turkar raguna, musamman watanni uku kafin babbar salla.

Wanda ya riga ya gama kwas ɗin da ba shi da ƙofa a garinsu, ba sai ya koma aji ɗaya ba. Mai digirin kimiyya ya yi PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri, wajen shekara ɗaya ce, ya rubuta TRCN, ya zama malamin da ake nema. Mai sana'ar hannu ya nemi shaidar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, wadda ake hawa daga aji na uku zuwa na ɗaya, ko ta hukumar jarrabawar sana'o'i ta NABTEB, domin da ita ake shiga sashen ayyuka na asibiti ko jami'a. Mai bautar ƙasa yana karɓar naira 77,000 a wata tun 2025. Idan ya ware 20,000 duk wata, kafin ya cire kaki ya tara 240,000, kuɗin kayan aiki da rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC.

Wanda bai cike fom ba tukuna, ya ɗauki littafi ya zagaya gari. Duk inda ya ga ma'aikata, ya tambayi wace takarda suke karɓa, a ina ake yanke ɗauka, kuma yaushe rabonsu da ɗaukar sabon mutum. Sannan ya duba amincewar kwas ɗin kansa, ba ta makarantar kawai ba: jami'a a wurin NUC, kwalejin fasaha a wurin NBTE, kwalejin ilimi a wurin NCCE. HND ɗin da ba a amince da shi ba ba ya kai mutum bautar ƙasa, kuma babu takardar NYSC ko ta yafewa, babu aikin gwamnati a matakin digiri.

Sai takardun gida. Aikin jiha da na ƙaramar hukuma yana neman shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, a karɓe ta tun kafin a buɗe shafin ɗaukar aiki, domin shafin ba ya jira. A kuma jera sakamakon sakandare, takardar JAMB, lambar NIN da takardar haihuwa a kan tabarma a karanta su harafi da harafi. Idan nan an rubuta Muhammad can an rubuta Mohammed, ko shekarar haihuwa ta bambanta, a je kotu a yi takardar rantsuwa, a nemi gyara wurin NIMC, hukumar da ke ba da lambar NIN, tun yanzu, domin gyaran yana ɗaukar makonni, kuma a ranar tantancewa ba a sauraron bayani.