Amsoshin Tambayoyinku: Bindiga, Baki da Iyakar 'Yanci

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa daga nan Zariya. Wasiƙun wannan mako sun taru a kan mallakar bindiga da 'yancin faɗin albarkacin baki, don haka muka gayyato lauya. Barista, sannu da zuwa.

Lauya: Yauwa Malam, na gode.

Mai gabatarwa: Wani ɗalibi daga Samaru yana tambaya ko gaskiya ne a Amurka ana sayen bindiga kamar yadda ake sayen tumatir a kasuwar Sabon Gari. Ɗana, da sauran magana. Gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1791 ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami, kuma a 2008 Kotun Ƙolinsu ta tabbatar cewa 'yancin na mutum ne shi kansa, amma dillali mai lasisi sai ya sa an binciki tarihin mai saye, kuma wanda aka taɓa ɗaurewa kan babban laifi ba ya samu. Ka koma ga karatunka.

Wasiƙa ta biyu ita ce za mu daɗe a kanta, domin mun sami irinta da yawa. Wani dattijo manomi daga yankin Giwa ya ce daminar bara bai iya zuwa gonarsa ta nesa ba saboda masu garkuwa da mutane, kuma yana tambaya: tunda ɓarawo yana yawo da bindiga ba tare da izinin kowa ba, me zai hana shi ma ya sayi tasa ya kare iyalinsa, ko kare kai ba haƙƙinsa ba ne? Barista, Baba na jiran amsa.

Lauya: Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ka san dokar da muke aiki da ita ta tsufa, domin Dokar Makamai ta 1959 ce, tun kafin Turawa su miƙa mulki, kuma a wancan zamani abin da ke hannun talaka bai wuce bindigar maharba ba. Ina tuna kakana yana da irinta a rataye a zaure, sai lokacin farauta ake sauko da ita a ɗura mata albarushi, yara kuwa ko kusa ba mu isa mu je ba, domin a lokacin tarbiyya...

Mai gabatarwa: Barista, Allah ya jiƙan kaka, amma agogo ba ya jira. Baba ya saya ko kada ya saya?

Lauya: To, abu biyu ne ya haɗa wuri guda. Kare kai haƙƙi ne, kuma sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya yarda mutum ya yi amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata don kare rai ko dukiya daga harin da ba ya bisa doka. Mallakar bindiga kuwa babu inda tsarin mulkinmu ya sa ta cikin haƙƙoƙin ɗan ƙasa, izini ne da hukuma ke bayarwa ko ta hana. Dokar Makamai ta kasa bindigogi gida uku. Kayan yaƙi, irin su bindiga mai sarrafa kanta, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta ta zamani lasisinta yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki, Kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke ba da izininta. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi. Wanda aka kama da bindiga babu lasisi kuwa, dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tara, ko duka biyun.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita domin waɗanda suka kama tashar yanzu. Kare kai haƙƙinka ne, amma bindiga sai da lasisi, kuma faɗin cewa ɓarayi sun dame ka ba zai zama hujja a gaban alƙali ba idan aka same ta a ƙarƙashin gadonka. To amma Barista, ai a 2022 gwamnatin Zamfara ta ce wa jama'a su nemi bindiga.

Lauya: Ta faɗa, a watan Yuni, sai dai hukumomin tsaro na tarayya suka ce gwamna ba shi da wannan hurumi, domin batun makamai yana cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka.

Mai gabatarwa: Baba, in za ka yarda in faɗi nawa ra'ayi, ban ga laifinka ba ko kaɗan, domin wanda ya kasa noma gonarsa ba ya buƙatar a yi masa lacca. Abin da nake tsoro shi ne bindigar da aka saya don ɓarawon daji tana kwana a gida ranar da aka yi rigimar iyakar gona ko rabon gado, kuma mun ga wuraren da aikin 'yan sa-kai ya rikiɗe ya zama ramuwar gayya tsakanin maƙwabta. Ku zauna da mai unguwa da dagaci, ku yi tsaronku ta hanyar 'yan banga da hukuma ta sani. Hukuma kuma ta sani cewa idan ta hana talaka makami, to nauyin tsaronsa ya koma wuyanta kacokan.

Wani matashi daga Gyallesu ya ce ya tura wa jama'a saƙo a WhatsApp yana kiran wani ɗan kasuwa ɓarawo, yanzu an aiko masa da sammaci, yana tambaya ina 'yancin magana ya tafi.

Lauya: Sashe na 39 na tsarin mulki ya ba kowa 'yancin bayyana ra'ayi, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi saboda tsaro, zaman lafiya, tarbiyya, lafiyar jama'a, ko kare haƙƙin wasu. Sai dai hukuma ma takan wuce gona da iri. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an sha kama 'yan jarida da shi, har aka yi masa gyara a 2024, kuma kowa ya tuna rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wanda kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa doka.

Mai gabatarwa: Barista ya tafi Abuja, yaron kuwa yana Gyallesu da sammaci a hannu. Ƙanena, sukar gwamnati daban, ɓata sunan mutum daban. Idan kana da shaida ka kai ta kotu, idan kuma ji ka yi a majalisar mai shayi, to magana zarar bunu ce, gara ka nemi manya su shiga tsakani tun kafin ranar zama. Kada kuma ka ƙi amsa sammacin.

Hajiya daga Tudun Wada tana tambaya ko lasifikar bikin maƙwabta da ke kaiwa ƙarfe biyun dare tana cikin 'yancin magana. Hajiya, barcinki ma haƙƙi ne, ki fara da mai unguwa, amma ki tuna wannan amsar ranar da za ki aurar da taki 'yar.

Barista, mun gode. Wasiƙar da ta zo daga Wusasa kan zanga-zanga da izinin 'yan sanda da ita za mu buɗe shiri na gaba, in Allah ya kai mu.