Yadda Ake Gane Ƙwan da Zai Ƙyanƙyashe

Masu kallo, ga ƙwai biyu da aka ɗauko daga akurki ɗaya da safen nan. Ɗaya yana ɗauke da ƙwayar haihuwar zakara, ɗayan kuma babu, amma duk yadda kuka jujjuya su ba za ku iya bambance su daga ɓawo ba. Girman ƙwai ko launinsa ba ya nuna komai game da wannan, kuma jefa shi cikin ruwa shekarunsa kawai yake tonawa, wato ko sabo ne ko ya daɗe.

Kaza tana yin ƙwai ko da zakara ko babu. Idan akwai zakara a garken, barbara ɗaya takan wadatar da ita har kimanin mako biyu, domin jikinta yana ajiye maniyyin yana amfani da shi a hankali. Zakara ɗaya mai lafiya yakan isa kaji kamar 10.

Hanya ta farko ita ce a sadaukar da ƙwai ɗaya ko biyu, a fasa a faranti. Ku dubi saman gwaiduwar da kyau, za ku ga wani ɗan farin ɗigo. Idan ƙarami ne, cike da fari, gefensa ba daidai ba, to ƙwan fanko ne. Idan kuwa ya ɗan fi faɗi, kimanin milimita 4, kuma ya fito kamar zobe mai haske da tsakiya a buɗe, zakara ya yi aikinsa. Ɗigon jini da ake gani wani lokaci, da farin zaren nan da ke riƙe gwaiduwa, duk ba shaida ba ne, ko da yake mutane da yawa suna ruɗuwa da su.

Hanya ta biyu, wadda ta fi amfani ga mai kiwo, ita ce haskawa da tocila, kuma ba ta aiki sai ƙwan ya sha ɗumi, a ƙarƙashin kaza mai kwanci ko cikin injin ƙyanƙyasa mai zafin digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyas. A rana ta 7, ku shiga ɗaki mai duhu, ku ɗora bakin tocilar a gefen ƙwan mai faɗi, inda gurbin iska yake. Ƙwai mai rai zai nuna jajayen jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, da wani duhu a tsakiyarsu wanda wani lokaci za ku ga yana motsi. Wanda ya haskaka tas, ban da inuwar gwaiduwa, babu komai a cikinsa. Wanda kuma ya nuna jan zobe guda zagaye da cikinsa, babu rassan jijiyoyi, ɗan tsakon ya fara sannan ya mutu.

Ƙwai mai duhun ɓawo yana da wuyar karantawa, don haka kada ku yi gaggawar yanke masa hukunci. Ku sa masa alama da fensir, ku sake dubawa a rana ta 10. Idan har lokacin babu jijiya, ku cire shi, domin baragurbi yana iya fashewa ya ɓata sauran. Ku kuma hanzarta mayar da kowane ƙwai kafin ya huce. Zuwa rana ta 18, mai rai ya yi duhu gaba ɗaya sai gurbin iska, kuma daga nan a daina taɓa shi har rana ta 21.